Bidiyo na cijewa a tsohuwar kwamfutata: in ƙara mata RAM ko in sayi sabuwa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ina da ƙaramar kwamfutar cinya mai allo inci 10, da Intel Atom a ciki, RAM ɗinta, wato ma'ajiyar aiki ta wucin gadi, gigabait 1. Rubutu da karatu lafiya lau take yi. Amma da na saka bidiyon da aka ɗauka da waya, sai murya ta yi gaba ta bar hoto a baya, wani lokacin ma baƙin allo kawai nake gani. An ce in ƙara RAM. Zai yi magani, ko in haƙura in nemi sabuwa?

AMSA: Wa'alaikumus salam, 'yar'uwa. Riƙe kuɗinki tukuna. RAM ba shi ne matsalarki ba.

Irin waɗannan ƙananan kwamfutoci, da suka yi tashe wajen 2008 zuwa 2010, yawancinsu Atom N270 ko N450 ke cikinsu. Sashen hoto na cikinsu bai iya warware bidiyon da aka matse da tsarin H.264 da kansa ba, don haka duk nauyin yana komawa kan injin sarrafa bayanai, shi kuwa ƙarfinsa bai wuce gigahaz 1.6 da 'yan kai ba. Wayoyin yanzu kuma suna ɗaukar hoto a 1080p ko 4K, kuma da yawansu da tsarin H.265 suke matse shi, wanda ya fi H.264 wahalar warwarewa nesa ba kusa ba. Tun 2017 iPhone ta koma kan wannan tsari. Ko kin kai RAM gigabait 2, wanda shi ne iyakar abin da mafi yawan waɗannan na'urori ke ɗauka, injin dai shi ne na da. Sabon faifan ajiya na SSD ma zai sa ta riƙa tashi da sauri, amma bidiyon zai ci gaba da cijewa.

Fara da abin da ba ya cin ko kwabo. Sauke VLC, manhajar kunna bidiyo, domin yana zuwa da kayan warware bidiyo a cikinsa, kuma zubi na 3 yana aiki har a Windows XP. Sau da yawa baƙin allon nan, manhajar da ta zo da kwamfutar ce ba ta gane tsarin ba. A saitunan VLC, sashen Input / Codecs, akwai zaɓin tsallake tacewar H.264, ki mayar da shi All. Hoton zai ɗan rage kyau, amma zai fi tafiya. Ki rufe burawuza kafin ki kunna, ki kuma jona caja, saboda a kan batir na'urar tana rage wa kanta ƙarfi. Tarin manhajojin kodek, wato na warware bidiyo, da ake tallatawa a shafuka barkatai kuwa, ki bar su. Wasu da datti suke zuwa.

Maganin gaske shi ne rage girman bidiyon. Allonki 1024 da 600 ne, ko 720p bai cika nunawa ba, to me za ki yi da 1080p? Ki samu wata kwamfuta mai ƙarfi, ki saka HandBrake, manhajar juya bidiyo, wanda kyauta ne, ki zaɓi Fast 480p30, ki fitar da shi a MP4. A wata kwamfutar nake cewa, domin sabon HandBrake ba zai hau taki ba, ko ya hau ma sai ki kwana kina jira. Sauya sunan fayil daga MKV zuwa MP4 ba ya yin komai, mazubi kawai kika canja wa suna, abin da ke ciki yana nan yadda yake.

Sayen wata ya zama dole ne kawai idan kullum kike kallo ta intanet, ko bidiyon ya yi yawan da juya shi zai zame miki aiki. A nan ko ta hannu kika samu, ki duba injinta ya kasance Intel Core zubi na 6 ko sama, domin daga nan ne suka iya warware H.265 da kansu. Ki tafi da bidiyon wayarki a filasha, ki kunna shi a gaban mai sayarwa kafin ki biya.