Layin Michael ka bar shi babu suna

Na ga takardar da ka ajiye mini a kan tebur jiya da dare. Kana tambaya, da a ce yau za a sake yin The Godfather, fim ɗin nan na 1972, su wa zan ɗauka. Har ka jero naka: Leonardo DiCaprio ya zama tsoho Vito Corleone, uban gidan 'yan Mafiya, Timothée Chalamet ya hau ɗansa Michael, Tom Hardy kuma babban ɗansa Sonny. Na yi dariya, amma kada ka ɗauka ta raini ce, ɗana. Kowa da fosta yake fara tunani a wannan sana'ar, ni ma da ita na fara.

A gefen takardar ka rubuta cewa kana tsoron DiCaprio ya yi wa rol ɗin yarinta. Cire wannan a ranka. Lokacin da aka yi shutin a 1971, Marlon Brando, wanda ya fito a Vito, shekararsa 47, shi kuwa DiCaprio haihuwar 1974 ne, ya riga ya wuce nan. Tsufan da ka gani a fuskar Brando aikin hannu ne. Dick Smith ya yi masa kwalliya, likitan haƙori ya ƙera masa wani abu da yake sawa a baki ya sauko da kumatunsa, sannan mai kyamara Gordon Willis ya riƙa sako haske daga sama, idanu suka faɗa cikin duhu. Abin da ya hana ni DiCaprio daban ne. Shi da zafi yake wasa, sai ka ga jijiyar wuya ta tashi, gumi na zuba. Vito kuwa ƙasa-ƙasa yake magana, dole kowa ya matso ya kasa kunne. Koma ka kalli sin ɗin farko: mutum ya zo yana roƙon a yi masa kisa, tsohon yana zaune yana shafa kyanwa a cinya. Da ni ne, Javier Bardem zan kira, don yana iya zama a kujera bai ce uffan ba, ɗakin ya yi nauyi.

Michael ne inda na fi so ka tsaya. Kamfanin Paramount ma irin tunaninka ya yi, sun so a ba Robert Redford ko Ryan O'Neal, sunayen da ke sayar da tikiti. Darakta Francis Ford Coppola ya kafe a kan Al Pacino, gajeren yaro ɗan wasan dandamali wanda masu zuwa silima ba su san shi ba. Ko bayan an fara aiki, manyan kamfanin suna kallon abin da aka ɗauka suna cewa yaron ba ya yin komai, a sallame shi. Sai da suka ga sin ɗin gidan abinci, inda ya fito daga banɗaki da bindiga ya zauna, idonsa na yawo, ƙarar jirgin ƙasa na cika kunne, kafin ya harbe mutum biyu, sannan suka ƙyale shi.

Wannan "ba ya yin komai" ɗin da gangan ne. Mun fara ganin Michael a bikin 'yar'uwarsa, sanye da kakin soja, ya ware gefe da budurwarsa, yana nuna mata cewa harkar gidansu ba tasa ba ce. Mai kallo ya yarda da shi saboda bai san fuskar ba. To ka ɗora Chalamet a wannan kujerar. Shekarunsa sun yi daidai, iya wasa kuma ba a magana, amma tun daga fosta kowa ya san wanda zai gaji uban. Ka ba da labarin kafin a kashe fitila. Wasu kan ce Oscar Isaac, sai dai shi haihuwar 1979 ne, kuma fuskarsa ta Michael ɗin ƙarshen fim ce, wanda ya riga ya zauna daram. Ni layin Michael zan bar shi babu suna, in shiga ɗakunan wasan kwaikwayo ina nema.

Sonny ba wuya, Hardy zai iya, Jon Bernthal ma haka. Abin da ya ba ni haushi shi ne Fredo, ɗan'uwan Sonny da Michael, ko sunansa ba ka rubuta ba. John Cazale ne ya yi shi. Finafinai biyar kacal ya yi kafin ya rasu a 1978, kuma dukkansu sun shiga takarar lambar yabo ta Oscar ta fim mafi kyau. Dubi lokacin da aka harbi uban yana sayen lemo: Fredo ya fito, bindiga ta suɓuce masa, ya zauna a bakin titi yana kuka. Samun jarumin da zai yarda ya zama rago haka, ba tare da ya yi wa mai kallo alamar cewa shi fa a zahiri namiji ne ba, ya fi samun mai tsawa wuya nesa ba kusa ba. Paul Dano kaɗai ke zo mini a rai.

Kuma ko ka samu kowa, saura ka ga ko tukunya ɗaya ta raine su. Kafin shutin Coppola ya tara 'yan wasan a teburin cin abinci, Brando a kan gaba, kowa ya ci a matsayin wanda zai fito. Ni da tire nake yi. Wata shekara wani furodusa ya tilasta mini wani babban jarumi a matsayin autan gida, wai 'yan kasuwa ba za su karɓi fim ba sai da fuskarsa. Aka ajiye tuwo, kafin mai fitowa a uba ya wanke hannu, autan ya kai wa tsokar tsakiya cafka, su kuma "yayyen" suka janye hannu suna jiran ya ƙoshi. A nan na san gidan ya rushe. Muka yi kwana goma sha biyu a lokeshan, duk sin ɗin da yayansa zai daka masa tsawa sai muryar yayan ta yi rawa.

Wanda ka ƙi ɗauka kuma kada ka yar da sunansa. Robert De Niro ya zo gwajin Sonny bai samu ba, Coppola ya riƙe shi a rai, a kashi na biyu na 1974 ya ba shi Vito yana saurayi, har ya ci Oscar da shi.

Gobe da ƙarfe goma akwai tantancewa, yara tara za su zo neman rol ɗin 'yan'uwa uku. Ka zo da littafinka, ka gaya wa mai abinci tire ɗaya za ta zuba, nama yanka biyu. Kai za ka zauna ta bakin ƙofa, ka rubuta mini wanda ya fara miƙa hannu da wanda ya kalli wani kafin ya miƙa.