A raba sito da wurin wanki

Malama, kin tambaya ko ya dace a haɗa sito da wurin wanki a ɗaki ɗaya bayan kicin, tunda filinku na Tumfure ƙafa 50 da 100 ne kawai. A ganina kada ki yarda da hakan. Sito ya kasance manne da kicin, ƙofarsa ta buɗe ta ciki, domin mai girki ta ɗebo shinkafa ko manja ba tare da ta fita tsakar gida ba. Shi kuwa wanki a kai shi bayan gida kusa da tankin ruwa, a yi masa rumfar kwano da daɓen siminti mai ɗan gangare zuwa magudana.

Dalilina shi ne danshi. A gidan hayar da muka zauna a Gombe, bango ɗaya ne tsakanin sito da wurin wanki, kuma kafin watan Agusta ya ƙare bangon ya jiƙe, buhun masarar da ke jingine da shi ya yi fumfuna, garin tuwo kuma ya dunƙule. Idan ƙarancin fili ya tilasta muku kusanta su, to birkila ya sa tayil a ɓangaren wankin, a ɗora buhuna a kan katako nesa da bango, sannan a yi wa siton ƙaramar taga mai raga can sama, amma ba ta gabas ba, domin ta can ruwan damina ya fi bugowa.