Alkawarin masu kamfani zai iya haifar da sabuwar dabara?

Tambaya: Mu huɗu muka haɗa jari muka buɗe masana'antar ruwan leda. Tun farko mun yi alkawari ba za mu ci riba da cutar da maƙwabta ba, sai ga ledojinmu sun toshe kwatocin unguwa. Abokan harkata sun ce alkawarin fatar baki ce kawai, ba ruwansa da kasuwanci. Haka ne?

Amsa: Malam, in a baki ya tsaya, suna da gaskiya. Alkawari yana fara aiki ne ranar da ya hana ku wani abin da kuka saba yi, sannan dole ta sa ku nemi wata hanya.

Bari in ba ka labarin Interface, kamfanin yin kafet a jihar Jojiya ta Amurka. Zaren kafet ɗinsu daga man fetur yake fitowa. A 1994 masu saye suka matsa da tambayar me kamfanin yake yi wa muhalli, mai kamfanin, Ray Anderson, ya rasa amsa. Abin ya tsaya masa a rai, har kamfanin ya ɗaukar wa kansa wa'adi: zuwa 2020 a daina yi wa muhalli illa. Duba abin da ya biyo baya. Masu zanensu suka lura da yadda ganyaye ke zube a ƙasan daji, babu biyu masu kama ɗaya amma ba mai ganin muni. Sai suka fito da falle-fallen kafet da za a shimfiɗa ta kowace fuska, wanda ya lalace a cire shi kaɗai, yanke-yanken da ake zubarwa suka ragu. A 2012 kuma suka fara sayen tsofaffin tarun kamun kifi daga masunta a Filifin, daga baya har Kamaru, ana mayar da su zare. Masunta sun samu kuɗi, ruwa ya huta.

Abin da ya fi burge ni shi ne, dabarun nan daga ma'aikata da abokan hulɗar kamfanin suka fito, domin kowa ya san inda aka dosa.

Ku ma ku mayar da alkawarinku lissafi. Ku zauna ku huɗun, ku auna kilo nawa na leda kuke fitarwa a mako, ku yanke nawa za ku dawo da shi. Direban da ke sauke jakunkunan ruwa a shaguna fanko yake komawa. Me zai hana ya ɗauko buhun ledar da mai shago ya tara, a rage masa wani abu a farashi? Masu narka leda suna saye a kilo. Ku tambayi direban da yaran lodi, sun fi ku sanin lungun da ledar ke taruwa.

Watannin farko za ku iya ɗan yin asara. Ku yarda da adadinta tun yanzu, a rubuce, kafin damina ta sauka.