Kansilanmu ya ce ba shi da kuɗin gyaran burtsatse, gaskiya ne?

Tambaya: Malam, watanmu huɗu burtsatsen unguwarmu a lalace, yara na ɗebo ruwa a rafi. Kansilan mazaɓarmu ya ce ba shi da kuɗin aiki, jama'a kuwa sun ce ya cinye. Wa za mu yarda da shi? Daga wani mai karatu a jihar Gombe.

Amsa: Malam, kansilanku bai yi ƙarya ba, amma bai fita ba. Zaɓaɓɓen kansila ɗan majalisa ne. Aikinsa yin dokokin ƙaramar hukuma, amincewa da kasafin kuɗi da sa ido kan yadda ciyaman ke kashe shi. Baitulmali yana hannun ciyaman da ma'aji, gyara kuma na sashen ayyuka ne. Kada ku haɗa shi da kansilan da ciyaman ke naɗawa ya kula da wani sashe, wannan ɓangaren zartarwa yake.

Abin da ke ɗaure mini kai shi ne wannan jita-jitar cewa akwai wani kaso da ake danƙa wa kowane kansila duk wata don ayyuka. Ko'ina ka shiga a mazaɓu 114 na jihar nan sai ka ji ta. Saboda ita, tun asuba an cika ƙofar gidan kansila: mai suna, mai biki, mai takardar asibiti. Albashinsa ya ƙare kafin mako ya zagayo, sai ya koma ƙofar ciyaman yana neman na cefane. To wanda ke karɓa a hannun ciyaman, da wane baki zai ce masa a kawo lissafi? Ranar da kasafi ya zo majalisa, hannu kawai zai ɗaga. Haka ake rasa burtsatse a cikin kasafi, kuma masu layi a ƙofar gidansa ne ke fara cewa ya cinye. Tun hukuncin Kotun Ƙoli na ranar 11 ga Yuli, 2024, wanda ya ce a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, wannan sa idon ya ƙara nauyi, amma ba wanda ke tambayar kansila a kansa.

Ku daina tare shi a masallaci. Ku rubuta takarda, mai unguwa da magidanta su sa hannu, ku faɗi inda burtsatsen yake da abin da ya lalace, ko roba ce, ko sandar famfo, ko injin. Ku kai masa, ku miƙa kwafi ga magatakardan majalisa, a buga muku hatimin karɓa. Sannan ku nemi ya gabatar da ƙudiri a zauren majalisa, ya kuma gayyato shugaban sashen ayyuka ya duba. In gyaran babba ne, takardar ta shiga kafin ƙarshen shekara, lokacin da ake tsara kasafi. Bayan zama biyu ku koma wurin magatakarda ku tambaya ko maganar ta shiga rajistar zaman majalisa.