Tambayoyinku: Wane littafi zan kama don koyon shel da kula da Linux?

Tambaya: Malam, na sauke littattafan Linux sun kai 30 a wayata, amma har yau ban iya rubuta komai a shel (manhajar da ake buga wa kwamfuta umarni a cikinta) ba. Da wanne zan fara?

Amsa: Ɗan'uwa, kai mai tara kaya ne, ba ɗalibi ba. Goge 29. Riƙe The Linux Command Line na William Shotts, wanda marubucin ya sake shi kyauta. Buɗe baƙin allo (terminal), ka buga kowane umarni da yatsunka. Ban da kwafa da liƙawa.

Tambaya: Na samu wani ƙaton littafin kula da saba (kwamfutar da ke yi wa wasu kwamfutoci hidima) na 2008, amma rabin umarninsa ba ya aiki a Ubuntu ɗina. Laifin kwamfutar ne?

Amsa: Kwamfutarka lafiyarta ƙalau. Wannan ce tambayar da ke ɗaga min hankali, domin mutane na auna littafi da kauri kamar katifa. Littafin shel da littafin kula da tsarin aiki ba tsufansu ɗaya ba. Shel ɗin Bourne ya fito a 1979, Bash a 1989, kuma umarnan bincike da gyaran rubutu irin su grep da sed da awk na nan yadda aka san su, don haka tsohon littafin shel zai iya yi maka amfani. Na kula da saba kuwa saurin lalacewa yake. Red Hat ta koma systemd, wato sabon tsarin tayar da sabis (manhajojin da ke aiki a bayan fage), a 2014, Debian 8 da Ubuntu 15.04 suka bi a 2015. Littafinka na tura ka /etc/init.d, alhali yanzu systemctl ke tayar da sabis, journalctl ke nuna abin da ya faru. Wajen duba adireshin intanet na kwamfuta yana cewa ifconfig, duniya ta koma ip addr. Duba shekarar bugu kafin ka duba farashi. Bugu na biyar na UNIX and Linux System Administration Handbook, littafin Evi Nemeth da abokan aikinta, na 2017, ya san da systemd.

Ni kuma ina da gwajin da nake yi wa kowane littafin shel: in na ga ya rubuta rm $f ba rm "$f" ba (rm na goge fayil, $f na riƙe da sunansa), sai in rufe shi. Fayil mai suna "sabon rahoto.txt" zai zama biyu a idon shel, ya tafi neman "sabon" daban, "rahoto.txt" daban, ya goge abin da ba ka nufa ba in ya same shi. Ka saba bi da duk abin da ka rubuta ta ShellCheck, manhajar duba kurakuran shel, zai kama maka irin wannan kafin ka yi kuka.

Tambaya: Abin da na rubuta yana gudu a Linux, amma ya ƙi a Mac.

Amsa: Bash na Mac tsoho ne, 3.2, kuma tun 2019 wani shel mai suna zsh ne ke buɗewa da farko. Girka sabon Bash ta Homebrew, kayan saka manhajoji a Mac.