Turbo biyu a kan babban inji: amsar maigida ga yaronsa

Ɗana, ka tambaye ni jiya a gareji: "Oga, idan aka samo babban injin Amurka mai silinda takwas aka ɗora masa turbo biyu, zai yi aiki a nan Birnin Kebbi, ko ɓarnar kuɗi ce?" Zai yi, amma sai ka biya shi haƙƙinsa na mai da na sanyi, kuma a nan ne yawancin masu haɗa mota ke faɗuwa.

Injin da kake nufi shi ne irin Chevrolet 454 mai lita 7.4, wanda ya fito a 1970, ko Ford 460 mai lita 7.5. Zubin ƙarfe ne tsantsa, nauyinsa ya kai kilo 300. Tun kafin a sa masa komai, ƙarfin jansa yana zuwa da ka taɓa totur. Turbo kuwa hayaƙin salansa ke juya shi, shi kuma ya cusa iska cikin silinda. Idan ka ba inji matsin iska na rabin bar, wato psi 7 (bar da psi ma'aunan matsi ne), ka ƙara masa kusan rabin iskar da yake shaƙa, ƙarfinsa ya tashi kusan haka in mai ya wadata.

Amfanin sa biyu maimakon ɗaya a fili yake. Kowane gefe mai silinda huɗu yana ciyar da nasa, bututun hayaƙi ya gajarce, ƙananan fankokin turbo kuma sun fi babba guda saurin ɗaukar gudu, don haka babu jinkirin nan tsakanin taka totur da zuwan ƙarfi. Irin tsarin da kake gani ke nan a Land Cruiser 200 mai injin dizal 1VD. Amma komai ya zama biyu: hanyar baƙin mai biyu, magudana biyu, ƙofar rage hayaƙi biyu, ga matsin wuri kusa da sandar sitiyari da tukunyar birki. Inji mai lita 7.4 yana fitar da hayaƙin da zai juya turbo guda madaidaici ba tare da wani jinkiri mai yawa ba, shi ya sa ni ban ɗauki na biyun a matsayin dole ba.

Yanzu ka buɗe kunne. Turbo ba ya kashe inji, fashewar mai kafin lokacinsa ce ke kashe shi. Iskar da aka matse tana yin zafi, zafinmu na watan Afrilu ya wuce digiri 40, fetur ɗinmu kuma ba mai jure matsi sosai ba ne, balle wanda aka gauraya a bakin titi. In suka haɗu, sai ka ji ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa cikin gwangwani. Daƙiƙu kaɗan sun isa su karya gefen fistan inda ringi ke zama, ko su ƙona gaskit. Maganinsa tun daga haɗin inji yake: fistan ƙirarre ba na zubi ba, matsin silinda, wato ninkin da fistan ke matse iska, tsakanin 8.5 da 9, intakula babba, wato mai sanyaya iskar da turbo ya matse, a gaban lagireto, kuma a ja lokacin wutar filogi baya kusan digiri ɗaya kan kowane psi. Bakin ringi na sama ka buɗe shi fiye da na injin gida. Faɗin silindar 454 inci 4.25 ne, to ka bar tazarar kusan inci 0.025. Ka sa ringin cikin silinda, ka daidaita shi da kan fistan, ka zura ma'aunin ganye, wato siraran ƙarafan auna tazara, ka goge kaɗan, ka sake aunawa. In tazarar ta yi kaɗan, ringi ya yi zafi ya miƙe, bakinsa biyu su haɗe, ya ɓalle kan fistan.

Sai mai. Injin da ke ba da ƙarfin doki 800 yana shan kusan lita biyar a minti ɗaya idan an take shi har ƙasa. Famfon man mota na yau da kullum ba zai iya ba, kuma da mai ya gaza iska, zafi ya narkar da fistan. Sai babban famfo, faffaɗan bututu, manyan nozul, da ƙwaƙwalwar inji, wato kwamfutar da ke auna masa mai, wadda za a iya saita ta, a riƙe iska kashi 11.5 kan kashi ɗaya na mai lokacin matsi.

Magudanar baƙin mai daga turbo kada ta gaza milimita 16, ta sauko tsaye ta shiga kaskon mai sama da matakin man. In ta kwanta ko ta lanƙwashe, mai ya taru ya bi ta salansa, ka ga shuɗin hayaƙi ka zaci turbo ya mutu. Gidan hayaƙinsa yana kai digiri 800 ko fiye, ka naɗe shi, ka nisanta wayoyi da bututun birki. Bayan doguwar tafiya, a ce daga Jega ko Argungu, a bar inji ya yi silo minti biyu kafin a kashe. Ƙurar hunturu kuma tana cin fukafukan fanka kamar sanfefa, matatar iska ba wurin rowa ba ce.

Giya, furofela, aksul da birki duk sai an sauya. Giya irin TH400 ko 4L80E da aka ƙarfafa, aksul irin na Ford mai inci tara, sifirin na gaba mai ɗaukar nauyin. Kayan nan duk sai an yi oda daga waje, da wuya ka same su ko a Ƙofar Ruwa a Kano, kuma gaskit ɗaya zai iya ajiye mota wata guda.

In mai mota ya zo maka da wannan buri, ka nuna masa injin 2UZ na Toyota mai lita 4.7, wanda ke cikin Land Cruiser 100 da Tundra. Shi ma gangar jikinsa zubin ƙarfe ce, kayansa na samuwa, turbo guda a psi 5 zuwa 6 ya ishe shi. In ya dage sai 454, to ku fara daga psi 5, ka sa ma'aunin iska da mai a salansa, ka riƙa cire filogi kana duba launinsa kafin ka ƙara ko psi ɗaya.