Ina Sabon Ma'auni Yake Zama?

Tambaya: Malam, muna nazarin bayanan marasa lafiya na asibitoci uku ta amfani da manhajar DataSHIELD, wadda ke ba da damar nazarin bayanai ba tare da an fitar da su daga inda aka ajiye su ba. Idan na ƙirƙiri sabon ma'auni (variable), wato sabon adadi da ake lissafowa daga bayanan, ina yake zama?

Amsa: Malama, yana zama ne a sabar kowane asibiti, wato kwamfutar da ke riƙe da bayanansa, ba ya isowa kwamfutarki. Idan kika ba da umarnin ds.assign a R (harshen kwamfuta da DataSHIELD ke aiki da shi), misali a raba nauyi da sakamakon tsawo sau tsawo, kowace saba za ta yi lissafin a kan bayananta, ta ajiye sakamakon da sunan da kika zaɓa. Abin da ake iya dawo miki da shi taƙaitaccen adadi ne kawai, kamar matsakaici. Ki kula da sunan sosai, domin idan kika maimaita wanda yake akwai, sabon zai shafe tsohon.